ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: DAGA ƘASAR ƊAMBATTA ZUWA TSAUNIN MAMBILA

 A wannan fitowar ina so in ba ku labarin wata doguwar tafiya da muka yi a mota, ni da maigidana da mahaifiyarsa da yaranmu biyu, a watan Disamba na shekarar 2023.

Duk wanda ya san ƙasarmu ta arewacin Kano, wato wajejen Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir, ya san mu ba mu da abin da ake kira daji. Gona ce ke bin gona, gida na hangen gida, in ka fita daga wannan ƙauye kafin ka gama gaisawa da mutanen hanya ka shiga wancan. Babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita. Hatta bishiyoyin da ke tsaye cikin gonaki, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowace da ubangijinta, kuma ana rabonsu a gado kamar yadda ake raba ƙasar. Ba a hutar da gona a wurinmu, taki ne ke riƙe da ita, shi ya sa da rani za ka ga jakuna da amalanke suna ta jigilarsa. Wani Baturen Ingila masanin ƙasa, Michael Mortimore, tun shekarun 1960 ya fara nazarin yadda ɗimbin jama'a ke ci daga wannan ƙasa ba tare da ta mutu ba. To amma inda ƙasa ta yi tsada haka, nan ne kuma gonar gado ke raba 'yan'uwa. Abin da ya fitar da mu daga gida ke nan.

DALILIN TAFIYAR

Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, tana da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar mahaifinsu aka shiga farin 1984, gero ya bushe a tsaye, sai shi Kawu ya ce zai sayar da kasonsa na gona ya yi jari. Inna ita ce babba, ta ce ba a gabanta ba. Magana ta yi zafi, ta faɗa masa kalmar da ba ta faɗuwa, shi kuwa da gari ya waye ya ɗauki jakarsa ya bi wasu fatake. Tun daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsa ba, shekara 39 cur.

Ana nan sai wani direban babbar mota da ke zuwa kasuwar Ɗambatta ran Lahadi ya kawo labarin cewa ya ga wani dattijo ɗan ƙasarmu yana da kanti a Nguroje, can saman tsaunin Mambila a Jihar Taraba, har ya karɓo lambar wayarsa. Malam, wato maigidana, ya kira ya bayyana kansa, ya ce muna son zuwa. Abin da Kawu ya ce kawai shi ne, "Allah ya kawo ku lafiya," ya kashe waya. Aka miƙa wa Inna waya a ce ta sake kiransa, ta kawar da kai ta ce, "Ni ba a neman gafara ta waya. Da ƙafata zan je."

Da yake Malam malamin makaranta ne, kuma an yi hutu, sai ya ce tun da tafiyar mai nisa ce, ga kuma tsohuwa, gara a yi ta sannu a hankali, a riƙa yada zango, yara su ga duwatsu da gandun dajin da suke ji a aji. Aka kai motarmu Toyota wurin bakanike ya duba birki da lagireto, aka sayi safaya ta biyu. Ni kuma na yi dambun nama da dakuwa da cincin. Inna ta ƙulle wani abu a tsumma ta sa a ƙasan jakarta, ba ta ce wa kowa ga abin da ke ciki ba, amma warin daddawa ba ya ɓuya.

FALGORE DA JOS

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Muka ratsa birnin Kano, muka bi titin Zariya har Kwanar Ɗangora, sannan muka karkata zuwa Tudun Wada. Daga nan ƙasa ta fara canza kama, jan ƙasa da duwatsu suka maye gurbin rairayin da muka saba da shi. Da muka shiga dajin Falgore sai motar ta yi tsit. Tafiya muke yi, ba gida ba gona, bishiya ce hagu da dama. Can sai yaron nan namu ɗan shekara tara ya ce, "Baba, wannan gonar waye ba a nome ta ba?" Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ka ji mijin nawa, ɗan ƙauye bai san daji ba."

Malam ya yi musu bayanin cewa Kogin Kano ta cikin dajin nan yake ratsawa, daga duwatsun wajen Riruwai, ya gangara madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan nan shi ne ake noman shinkafa da tumatir da shi a Kadawa da Kura. Ashe tumatirin da muke saya da rani, asalin ruwansa daga wannan dajin da ba kowa yake. Ba mu tsaya ba, don dajin ya yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi, kuma masu hankali ba sa bari dare ya yi musu a ciki.

Ta Saminaka muka bi muka haura Jos da la'asar. Jama'a, sanyin hunturun Kano wasan yara ne! Garin yana bisa tudu da ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku, alhali Kano ba ta cika 500 ba. Yaran da suke ganin babu dutse a duniya kamar Dala da Gwauron Dutse, sai ga su suna kallon duwatsun Shere baki buɗe. Mun ga manyan kududdufai da aka bari bayan haƙar kuza, ruwa kore shar amma an ce zurfinsu ya wuce misali, kuma sukan ci mutane. Muka kwana a nan, da safe na sayi dankalin Turawa da kabeji da arha kamar a ce kyauta.

YANKARI

Kashegari muka gangara Bauchi, muka ɗauki hanyar Gombe har Dindima, inda aka haye kogin Gongola, muka karkata zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki ma tafiya ce mai ɗan tsawo a cikin daji. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun dajin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Masu tarbar baƙi na farko a Wikki su ne gwaggon birai da mugun dawa, suna yawo tsakanin ɗakuna kamar awakin gida. Tun a ƙofa aka gargaɗe mu da mu riƙa rufe ɗaki da mota. Duk da haka, Inna na zaune tana jan carbi, wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya sure ledar dakuwa a gefenta ya haye bishiya. Abin mamaki, ba dakuwar ta dame ta ba, jakarta ta rarumo ta rungume a ƙirji tana salati. A nan na gane abin da ke ƙasan jakar nan ya fi daddawa.

Shi kuwa ruwan Wikki, gani ya kori ji. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a ƙasa, ga shi da ɗumi wajen digiri 31, dare da rana, rani da damina. Malam da yara suka shiga, ni da Inna muka koma can gefe inda ba maza, muka tsoma ƙafafu. Ta ce rabon da gwiwarta ta yi mata daɗi haka tun kafin ta aurar da autarta.

Da sassafe aka fita da mu a motar gandu zuwa bakin kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa da rani saboda ruwa. Mun ga gwambaza da mazo da garken ɓauna, mun ga kada ya shanya baki a rana. Giwa kuwa sai sawunta da kashinta da rassan da ta kakkarya muka gani. Yarinyarmu ta ɓata rai, mai yi mana jagora ya ce, "'Yan mata, nan ba gidan zu ba ne, giwa ba ta zaman jiran kowa." Ya ce garken giwayen Yankari na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya, kuma babbar damuwarsu mafarauta ne, da kuma ɓarnar da giwayen kan yi wa gonakin ƙauyukan gefe. Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Ko'ina dai maganar gona ce."

HANYAR TARABA

Bayan kwana biyu muka tashi, muka kwana a Gombe. Daga Gombe ta Kumo da Billiri da Kaltungo, duwatsun ƙasar Tangale suka tare mana ido, wani tsololo kamar an fere shi da wuƙa. A Numan muka haye gadar Binuwai, kusa da inda Gongola ke zuba a cikinsa. Malam ya tuna wa yara cewa ruwan da suka haye a Dindima ne ya zagayo ya riske su a nan. Hanyar ta ba mu wuya ƙwarai, ramuka sai ka ce an yi da gayya, taya ta yi faci sau ɗaya, muna ta sallar ƙasaru a gefen titi. Muka kwana a Jalingo, da safe muka bi ta Garba Chede da Bali, muka isa Serti da yamma liƙis, kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙura.

GASHAKA-GUMTI

A Serti hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Shi ne mafi girma cikin gandayen dajin ƙasa na Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa yana jingine da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, babu wanda ya kai shi a duk faɗin ƙasar nan. Hawansa aikin kwanaki ne a ƙafa, ba na mai tsohuwa da yara ba.

Motarmu ba za ta iya hanyar ciki ba, sai muka bar ta muka shiga wata mai tudu tare da ma'aikacin gandu. Wallahi 'yan'uwa, ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a ƙasarmu ba. Tsauni a bayan tsauni, na kusa kore, na nesa shuɗi, na can ƙarshe kamar hayaƙi. A cikin kwaruruka kurmi ne mai duhu, rana tsaka amma kamar magariba. Muka tsaya a bakin Mayo Kam, ruwa mai sanyi yana gudu a kan duwatsu cikin watan Disamba, lokacin da rafukanmu na gida sun daɗe da zama yashi. Mun ga wasu birai baƙaƙe masu farin gashi da doguwar jela suna tsalle a ƙololuwar bishiya. Ma'aikacin ya ce a can cikin kurmi akwai cimfanzi, birin nan mai kama da mutum, wanda masana daga ƙasashen waje ke zuwa nazarinsa, amma ganinsa sai an yi kwanaki ana bi.

Ya ce mana babban amfanin gandun ba namun daji ba ne kaɗai, ruwa ne. Tsaunukan nan ne ke tare hadari, kurmi ya riƙe ruwan ya riƙa sakinsa sannu a hankali, ƙoramu su haɗu su zama kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. In aka sare kurmin, ruwa zai sauko gaba ɗaya da damina ya yi ambaliya, da rani kuma a nema a rasa. Ya ce abin da suke fama da shi shi ne masu saran madobiya, da masu farauta, da masu haƙar ma'adinai a ɓoye.

Daren nan a Serti Inna ba ta runtsa ba. Ɗaki ɗaya muke da ita da yarinya. Can tsakar dare na ji ta ce, "Ke, idonki biyu?" Na ce, "Na'am Inna." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ki ce wa wannan yaron mu juya." Ba ta taɓa kiran sunan Malam ba, ɗan fari ne. Na ce, "Inna, saura hawa ɗaya fa." Ta ce, "In ya ƙi kallona fa? A gaban jikokina?" Shekarata 16 a gidan, ban taɓa jin muryarta ta yi rawa ba sai ran nan. Na rasa abin cewa, ga kunya ta surukuta, sai kawai na ce, "Inna, wanda ya ce Allah ya kawo ku lafiya ai ya share tabarma." Ba ta amsa ba. Da asuba na ga ta riga kowa ɗaure kayanta.

HAWAN MAMBILA

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Hanya ce da aka sara a jikin dutse, tana murɗewa kamar maciji, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami wanda ba a hangen ƙarshensa. Malam ya sa mota a giya ta ɗaya, injin na kuka, kunnuwanmu suka toshe. Sau biyu muna tsayawa mota ta huce. Inna ta rufe fuska da mayafi tana ta hailala, yara kuwa ko a jikinsu.

Muna ƙarasa hawa sai duniya ta buɗe. Tuddai ne masu laushi lulluɓe da ciyawa iya ganinka, shanu jajaye masu dogayen ƙaho suna kiwo, bishiyoyin turare sun yi layi, hazo na bin ƙasa har kana iya taɓa shi. Tudun ya haura mita 1,500, shi ya sa ƙudan tsando bai dami shanu ba, makiyaya suka yi kaka-gida. Wannan yanki a da ƙarƙashin Jamus yake, ya koma hannun Ingila bayan yaƙin duniya na farko, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi shiga Nijeriya. Sunan Sardauna Ahmadu Bello ne ƙaramar hukumar ke ɗauke da shi, hedikwatarta a Gembu. A kasuwa Fulatanci ya fi yawa a baki, amma Hausa ma tana fitar da mutum.

Muka wuce Maisamari muka isa Nguroje bayan azahar, kwana na takwas da barin gida. Ba mu sha wuyar tambaya ba. Wani dattijo ne siriri cikin rigar sanyi da hula mai rufe kunne, yana tsaye a ƙofar kanti, an ce tun safe yake nan. Inna ta fito da ƙyar, ta tsaya riƙe da murfin mota. Suka kalli juna. Sai ya tako ya durƙusa a gabanta, da furfurarsa da komai, ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Inna ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ta dafa kansa ta ce, "Auta, ka tsufa." Daga nan kuka ya ƙwace wa kowa, har Malam ya juya baya yana gyaran hula.

Da dare, ana jin ɗumin gawayi, Inna ta kwance tsummanta. Daddawa ce ta ɗorawar gonar mahaifinsu, a ƙarƙashinta kuma wani ƙunshi. Ashe duk shekarar da aka noma kason Kawu, sai ta ware wani abu ta juya shi a tumaki, da tafiya ta tashi ta sayar da su duka. Ta tura masa ta ce, "Haƙƙinka ne. Ka yafe mini abin da bakina ya faɗa." Kawu ya ɗauki daddawar ya shinshina ya daɗe, ya mayar mata da kuɗin. Ya ce, "Yaya, na yafe duniya da lahira, ni ma ki yafe mini. Da na sayar, da yau wa zai kawo mini wannan?" Ya ce shi ma nan ya ga abin da ƙasa ke jawowa, don rikicin manoma da makiyaya na 2017 a kan idonsa aka yi, aka rasa rayuka, ga fili iya ganinka amma bai ishi mutane ba. Ya ce gonar a ci gaba da nomawa, sharaɗinsa ɗaya, kada a sare ɗorawar. Kuɗin kuwa aka daidaita a kan a yi wa 'yarsa da za a aurar kayan ɗaki da su, a matsayin gudummawar gwaggonta.

Kwana huɗu muka yi. Matarsa Bafulatana ce mai kirki, ta cika mu da kindirmo da man shanu. 'Ya'yansa suka kai mu Kakara muka ga gonar shayi, inda ake yin ganyen Highland Tea, tuddai a gyare kamar an yi musu aski. Saukowa ta fi hawa ban tsoro, amma Allah ya maido mu gida lafiya. Da ƙaramar Sallar 2024 Kawu ya zo da kansa, ya ziyarci kabarin iyayensa.

SHAWARA GA MASU NIYYA

Duk mai sha'awar wannan hanya, ya yi ta da rani, tsakanin Disamba da Maris. Ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ya tashi, kada ya yi tafiyar dare ko kaɗan. Ya riƙe safaya biyu da jarkar ruwa da kayan sanyi, ya cika tanki duk inda ya samu mai, kuma kada ya shiga gandu ba tare da ma'aikacinsa ba. Maza kuma ku daure ku riƙa fita da iyali, mace ma tana son ganin ƙasar Allah, ba daga ɗaki sai gidan biki ba.

Sannan 'yar'uwa, ko ɗan'uwa mai karatu, in akwai wani naka da gado ko wata kalma ta raba ku, kada ka jira sai an aiko maka da labarin rasuwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta hau Mambila, kai wataƙila naka yana bayan katangarka ne.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.